Gansakuka tana tsabtace ruwan ƙazanta da gaske, ko kore kawai take mai da shi?

Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu aikin ruwa da ke wannan zaure. Na sha jin ana cewa ana noman ƙananan gansakuka, irin waɗanda sai an sa madubin awo ake ganin ƙwayarsu, a cikin ruwan ƙazanta domin su tsabtace shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk wanda ya ga tafki ya yi kore shar ya san ruwan ya lalace. To yaya aka yi mai ɓata ruwa ya zama mai gyara shi? Kuma in har dabarar tana ci ba tare da shan wuta mai yawa ba, me ya hana a gan ta ko'ina?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Tambayarka biyu ce, bari in ɗauki ta farko.

Ruwan da ke fitowa daga masai da wurin wanka da na wanke-wanke yana ɗauke da datti mai ruɓewa. Bakteriya ce ke cinye wannan datti, amma ba ta yin aikin da sauri sai ta samu iskar oksijin. A manyan matatun ruwa da inji ake hura mata iskar, dare da rana. Wannan tsari a Manchester ta Ingila aka fito da shi a 1914, a hannun Ardern da Lockett, kuma har gobe shi ne ginshiƙin yawancin matatun birane. Aibinsa shi ne hura iskar kaɗai kan cinye kusan rabin wutar lantarkin da matata ke sha, a wasu wuraren ma fiye da haka.

Ita kuwa gansakuka, muddin akwai rana, tana shan kabon dayoksaid tana fitar da oksijin. In ka haɗa su a ruwa ɗaya sai bakteriya ta samu oksijin kyauta, ta cinye datti, ta saki kabon dayoksaid da amoniya da fosforas, waɗanda su ne abincin gansakukar. Kowace na rayuwa da abin da 'yar uwarta ta zubar. Kilo ɗaya na busasshiyar gansakuka ya sha kusan kilo 1.8 na kabon dayoksaid kafin ya samu, kuma oksijin da ya saki ya fi nauyin kansa.

William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya mai da wannan abu aikin injiniya tun a shekarun 1950. Kandamin da ya tsara dogo ne, da katanga a tsakiya, ruwa na zagaya ta. Zurfinsa bai wuce santimita 20 zuwa 40 ba, ga farfela tana tura ruwan a hankali, kamar santimita 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Dalilin rashin zurfin shi ne in gansakuka ta yi kauri, hasken rana ba ya wuce 'yan santimitan sama. Farfelar ce ke ɗago ƙwayoyin da ke ƙasa su sha haske su koma, na sama su sauka.

Dakta Hauwa:
Injiniya ya yi bayani mai kyau. In ƙara a kan koren da ya dami Malam Nasiru. Fahimtarka daidai ce, tafkin da ya yi kore ba shi da lafiya. Amma koren alama ce, cutar ita ce naitirojin da fosforas da suka kwarara cikinsa daga magudanu da gonaki. Gansakuka ta same su ta hayayyafa, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewarta ta shanye oksijin ɗin ruwan, kifi ya taso sama matacce. Wasu nau'o'in ma guba suke fitarwa. A watan Agustan 2014 an hana mazauna birnin Toledo na jihar Ohayo a Amurka, mutane wajen 400,000, shan ruwan famfo na kusan kwana uku, saboda gubar maikirosistin da ta taso daga tafkin Erie.

To tunda dai gansakuka za ta ci waɗannan sinadarai ko muna so ko ba ma so, hikimar ita ce ta ci su a wurin da muka killace, inda za mu iya kwashe ta, kafin ruwan ya kai kogi. Jikinta kusan rabi kabon ne, naitirojin kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari, fosforas wajen kashi 1. Duk kilon da ka fitar daga ruwa ka fitar da waɗannan tare da shi.

Ummi:
Ni fa wannan abu ya daɗe yana burge ni. Ku duba: ruwa ya tsabtata, an rage iskar da ke ɗumama duniya, sannan a matse gansakukar a samu man mota. Na karanta cewa wasu nau'o'in suna tara mai sosai a jikinsu. Ina shekarar ƙarshe a jami'a kuma a kan wannan nake so in yi aikin kammalawa. Me zai hana in mai da hankali kan man?

Malam Lawal:
Malama Ummi, Allah ya ba da sa'a a karatu. Amma ki yi haƙuri in zuba miki ruwan sanyi kaɗan, don ni a bakin irin wannan kandami nake wuni.

Noman gansakuka ba aiki ba ne. Ki zuba ruwan ƙazanta a wuri mara zurfi, ki bar wa rana, za ta zo da kanta ko ba ki shuka ba. Aikin yana wajen raba ta da ruwa. Ki ɗebi ruwan kandami a kwalba ki ɗaga wa haske, za ki ga kore mai duhu har ba kya ganin yatsanki ta bayan kwalbar, ki ce ai an tara dukiya. Ki tace lita ɗayan nan ki shanya, abin da zai rage a kan takardar tacewa bai fi rabin giram ba, sau da yawa ma bai kai ba. Wato kafin ki haɗa kilo ɗaya sai kin bi ta kan lita 2,000 zuwa 5,000 na ruwa. Ƙwayar Chlorella, wani nau'in gansakuka, 'yan maikiromita ce (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya), nauyinta kusan ɗaya da na ruwa, kuma kowace ƙwaya tana ture 'yar uwarta saboda cajin da ke bayansu iri ɗaya ne. Ki ajiye kwalbar nan ki dawo gobe, za ki tarar da yawancinta yana nan yana shawagi.

Kuma ga abin da nake so Malam Nasiru ya ji: in ka saki ruwan da gansakukar a ciki, ba ka tsabtace komai ba. Dattin ne ya sauya kama. Naitirojin da fosforas suna nan cikin ƙwayoyin, za su mutu a kogi su sako su.

Nasiru:
To da me ake raba su, Malam Lawal?

Malam Lawal:
Hanyoyi suna da yawa, kowace da abin da take ci. Akwai injin da ke wulwula ruwa da ƙarfi har ƙwayoyin su manne a bango. Yana aiki tsaf, amma wutar da zai sha a kan ruwa mai yawa haka za ta cinye duk ribar da ka ci wajen rashin hura iska. Akwai zuba alif ko gishirin ƙarfe, ƙwayoyin su dunƙule su nutse, ko a busa ƙananan kumfa daga ƙasa su ɗago su sama a yaye. Wannan ma yana ci, sai dai kullum kana sayen sinadari, kuma abin da ka kwashe ya gauraye da alminiyam, ya rage daraja a matsayin taki.

Hanyar da na fi so ita ce a bar kandamin ya zaɓi nau'in da ke nutsewa da kansa. Akwai masu zama a dunƙule, irin su Pediastrum da Micractinium da wasu Scenedesmus. In kana mayar da wani kaso na abin da ya kwanta a tankin nutsewa zuwa cikin kandami, kana ba wa masu nauyi dama ke nan su rinjayi masu shawagi. Masu bincike a Niyu Zilan sun gwada haka da Pediastrum kuma nutsewar ta inganta sosai. Sai dai yanayi na juyawa nau'in kan juya, ka sake sabon lale.

Injiniya Bashir:
A kan maganar mai, Malama Ummi, tarihi ya riga ya faɗi wani abu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta yi shiri na musamman kan samun mai daga gansakuka daga 1978 zuwa 1996, suka tara dubban nau'o'i, suka gwada manyan kandamai a Roswell ta jihar Niyu Meksiko, aka rufe shirin man bai iya gogayya da fetur ba. An sake tasowa da zafi wajen 2008 da kuɗi masu yawa. Kamfanin ExxonMobil ya shafe fiye da shekara goma yana zuba jari yana talla, daga baya ya janye.

Akwai kuma wani karo da juna da ba a cika faɗa ba. Gansakuka tana tara mai ne in ta ji yunwar naitirojin. Ruwan ƙazanta kuwa naitirojin ne ya yi masa yawa. A cikinsa za ta yi ta hayayyafa tana tara furotin, mai kaɗan. Sai kin zaɓa: ko tsabtace ruwa, ko tara mai.

Ummi:
Ke nan babu wani makamashi da ake samu ko kaɗan?

Injiniya Bashir:
Akwai, ta hanyar gas. A zuba abin da aka kwashe cikin rufaffen tanki mara iska, ya ruɓe ya ba da gas wanda kusan kashi 60 cikin ɗari metan ne, sauran yawanci kabon dayoksaid. Oswald da abokin aikinsa Golueke sun kawo shawarar tun 1960. A garin Chiclana na kudancin Sifen an yi wani shiri mai suna All-Gas da tallafin Tarayyar Turai, inda suka noma gansakuka a ruwan ƙazantar garin, suka tace gas ɗin har motoci suka yi tafiya da shi. Amma ko nan akwai cikas: bangon ƙwayar yana da tauri, ba ya ruɓewa duka, kuma yawan furotin yana sakin amoniya da ke takura wa bakteriyar da ke yin metan. Shi ya sa ake haɗa ta da lakar da aka fara cirewa daga ruwan.

Sani:
Ni ban gamsu ba tukuna. Kowa na cewa rana kyauta ce. Fili fa? Shi ma kyauta ne?

Dakta Hauwa:
Tambaya ce mai nauyi, mu yi lissafin a fili. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In zurfin ruwa santimita 30 ne, tana ɗaukar mita kubik 3,000. A ce ruwa zai zauna kwana 5 kafin ya fita, to kana tsabtace mita kubik 600 a rana. In kowane mutum yana zubar da lita 120, hekta ɗaya ta ishi mutum 5,000, wato murabba'in mita 2 ga kowa. Birni mai mutum miliyan ɗaya zai buƙaci hekta 200 ta kandami zalla, ban da hanyoyi da tankunan farko da na nutsewa. A inda ake sanyi mai tsanani kuma sai an kusan ninka kwanakin, fili ma ya ninku.

Sani:
To kin gani. Hekta 200 a gefen babban birni? Wa zai ba ka? Matata mai inji za ta yi wannan aiki a ɗan lungu.

Dakta Hauwa:
Gaskiya ne, Malam Sani, kuma babu mai hankalin da ke cewa a rushe matatar babban birni a haƙa kandami. Amma ka kwatanta shi da abin da ya kamata a kwatanta shi. Ƙananan garuruwa da yawa a duniya tafkunan zaman ruwa suke amfani da su, masu zurfin mita ɗaya zuwa biyu, inda ruwa kan yi makonni. Kandamin Oswald yana yin aikin cikin kwanaki. A Kudancin Ostireliya masu bincike na Jami'ar Flinders sun gwada shi a ƙaramin garin Kingston on Murray, kuma sakamakon ya sa hukumomin jihar suka amince da shi ga ƙananan garuruwa. A Christchurch ta Niyu Zilan an gina na hekta 5 a gefen matatar birnin don gwaji.

Akwai kuma waɗanda ba su da komai. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na ruwan ƙazantar gidaje a duniya ba a tsabtace shi yadda ya kamata, alhali manufar ita ce a rage rabin ruwan da ba a tacewa kafin 2030. Matata mai inji tana son wuta mara yankewa da kayan gyara da ƙwararru. In wuta ta ɗauke na tsawon lokaci bakteriyarta sai ta shaƙe. Farfela ɗaya kuwa faifan sola zai iya juya ta.

Malam Lawal:
Na yarda da Dakta a kan fili. Inda nake so a yi hattara shi ne kalmar nan "sauƙi", don tana yaudarar mutane su gina su tafi.

Kandami halittarsa biyu ce a kowace rana. Ka zo da asuba kafin fitowar rana ka tsoma ma'auni, oksijin ya kusan ƙarewa, saboda duk daren gansakuka da bakteriya shaƙa suke yi babu mai fitarwa. Ka dawo bayan azahar, ruwan ya cika da oksijin har ya ninka abin da ruwa kan ɗauka a al'ada, kana ganin ƙananan kumfa suna tasowa a bayan farfela, ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwar ruwa, ya haura 10. Wanda ya ɗebi samfur da la'asar kaɗai ya rubuta rahoto, rabin labari ya rubuta.

Sai kuma masu kiwo. Akwai ƙananan halittun ruwa, rotifa da Daphnia da danginsu, da abincinsu gansakuka ne. Na ga kandami kore shar, cikin 'yan kwanaki ya koma ruwan kasa-kasa, yana fitar da wari. Ka ɗebo a kofin gilas ka duba da kyau, za ka ga ɗigo-ɗigo suna tsalle a ciki. In ka gan su da ido, ka makara. Dole ne a riƙa duba ɗigon ruwa a madubin awo a kai a kai, a gan su tun suna kaɗan.

Ummi:
In sun shigo me ake yi musu?

Malam Lawal:
Wasu sukan bar pH ya hau sosai na ɗan lokaci, amoniya ta kashe su. Wasu sukan rage kwanakin zaman ruwa don a wanke manyan kafin su hayayyafa, wasu su tace su da raga mai ƙananan ido. Maganin ƙwari dai ban ba da shawara ba, ruwan nan kogi ko gona zai tafi.

Injiniya Bashir:
Tunda Malam Lawal ya taɓo pH, bari in tsaya a nan, don akwai wani abu da ke damuna a rahotanni da yawa. Za ka ga an rubuta cewa gansakuka ta cire kaso kaza na naitirojin. Ka tambaya: ina ya tafi?

Gansakuka tana son kabon kusan ninki shida na naitirojin. Ruwan ƙazantar gida ba shi da kabon da ya kai haka. In rana ta take, sai ta shanye kabon dayoksaid ɗin da ke ruwan, shi ne ke sa pH ya hau. Da ya wuce 9.25, fiye da rabin amoniyar ta koma iska, tana fita ta saman ruwa. Fosforas kuma ya haɗu da kalsiyam ya kwanta ƙasa. A takarda ruwa ya yi tsabta. A zahiri wani kaso na naitirojin ɗin sama ya tashi, zai sauko a wani wuri, kuma fosforas ɗin da ya kwanta yana iya narkewa in pH ya sauka da dare. Ni ba na kiran wannan tsabtacewa, kora ce.

Maganin shi ne a busa kabon dayoksaid cikin kandami a riƙe pH wajen 8. Gansakuka ta ƙara yawa, naitirojin ya shiga jikinta. Kabon dayoksaid ɗin kuma ba sai an saya ba, yana cikin gas ɗin tankin ruɓewa ko hayaƙin janaretan da ke ƙona shi.

Dakta Hauwa:
A nan zan saɓa maka kaɗan, Injiniya. Lissafinka na naitirojin daidai ne, amma hawan pH ɗin da kake son kashewa yana yi mana wani aiki. Shi da hasken rana da yawan oksijin su ne ke kashe E. coli da sauran ƙwayoyin cutar ciki. In ka riƙe pH a 8, ka rage ɗaya daga cikin makamai uku. Ga garin da babbar damuwarsa amai da gudawa da taifot, ni na fi son ruwan da ƙwayoyin cuta suka mutu a ciki, ko da an yi asarar amoniya.

Injiniya Bashir:
Ana iya ƙara tafkin ƙarshe bayan an kwashe gansakukar, Dakta. Ruwan ya yi garau, rana ta ratsa shi har ƙasa ta gama aikin.

Dakta Hauwa:
Ana iya, amma fili ya ƙaru, Malam Sani zai dawo mana. Abin da nake nufi shi ne sai an fara sanin inda ruwan zai tafi. In kogi zai shiga, naitirojin da fosforas ne abokan gaba, a bi hanyarka. In ban ruwa za a yi da shi, su taki ne, ba sai an wahala wajen cire su duka ba, damuwar ita ce cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan ban ruwa ita ce kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita. Shi kuma ƙwan nan rana ba ta cika kashe shi ba, nutsewa yake yi. Saboda haka dole a sa tafki mai zurfi ko tankin nutsewa a gaba, kafin ruwa ya shiga kandamin gansakuka. Wannan matakin farko yana kuma rage duhun ruwa, don ɗanyen ruwan masai haske ba ya ratsa shi.

Sani:
Akwai abin da har yanzu ba wanda ya ambata. Wurin da rana ta fi yawa, can ne ruwa ya fi ƙafewa. Kun shimfiɗa ruwa a fili mai faɗi kuna kaɗa shi a rana.

Injiniya Bashir:
Haka ne. Milimita ɗaya a kan hekta mita kubik 10 ce. A wuri mai zafi da bushewa ana iya rasa milimita 8 a rana, wato mita kubik 80 daga cikin 600 ɗin da Dakta ta lissafa. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma gishirin ruwan da ya rage yana ƙaruwa. Sai dai tsohon tafki mai riƙe ruwa na makonni ya fi wannan asara a kan kowace lita. Zafin kansa ma matsala ne. Yawancin nau'o'in sun fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30, in ruwa ya wuce 35 sukan fara galabaita. Shi ya sa masu bincike a Niyu Meksiko suka koma gwada Galdieria, wadda asalinta a maɓuɓɓugan ruwan zafi masu tsami take rayuwa.

Nasiru:
Na ƙaru ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe daga gare ni: abin da aka kwashe, tunda an ce furotin ne da shi, ba za a ba dabbobi ko kifi ba?

Dakta Hauwa:
A yi hattara sosai a nan. Gansakuka tana kama ƙarafa masu guba a bayanta, irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam. Wannan alheri ne ga ruwan, sharri ne ga wanda zai ci. In ruwan masana'anta ko na majema yana shiga magudanar, to abin da aka kwashe shara ce mai haɗari. Ko na gidaje zalla ne, akwai ƙwayoyin cuta da ragowar magunguna, kuma a buɗaɗɗen kandami ba ka da tabbacin nau'i mai guba bai shigo ba. Spirulina da Chlorella da ake sayarwa don mutane su sha a ruwa mai tsabta ake noma su, da taki na musamman. Kada a haɗa su da wannan.

Inda na ga amfani mai ma'ana shi ne taki, bayan an gwada ƙarafan an kuma kashe ƙwayoyin cuta. Haɗa amoniya a masana'anta yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya, fosfat kuma haƙo shi ake yi, kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyarsa da aka sani yana hannun Maroko. Muna kashe wuta mu haɗa naitirojin, mu ci, mu zubar, mu sake kashe wuta a matata mu kore shi sama. Kandamin da ake kula da shi, a rana mai kyau, yana ba da giram 10 zuwa 25 a kowane murabba'in mita. A ce 15 ne a matsakaici, hekta ɗaya ta ba da fiye da tan 50 a shekara, da tan uku zuwa biyar na naitirojin a ciki.

Ummi:
To yanzu in na ajiye maganar mai, a kan me kuke ganin ya kamata in yi aikina? Kayan aikinmu ba su da yawa.

Malam Lawal:
Ki yi a kan nutsewa, Malama. Ba ya son kaya masu tsada kuma nan ne ake da buƙata. Ki samu bahuna huɗu masu faɗi, zurfin ruwa santimita 25 zuwa 30, ruwan da ya riga ya kwana a tankin farko, da abin da zai riƙa motsa shi. Biyu ki riƙa mayar musu da wani kaso na abin da ya kwanta, biyu ki bar su haka. Kowace rana ki ɗebi lita ɗaya daga kowanne ki zuba a doguwar kwalbar awo, ki ga nawa ya sauka cikin awa ɗaya, nawa cikin awa uku. Ki duba ɗigo a madubi ki rubuta nau'in da ya fi yawa. Safar hannu da takunkumi kada su bar ki, ruwan masai ne.

Akwai kuma masu noma ta a manne da wani abu, bel mai juyawa ko shimfiɗa mai gangare, a kankare ta da hannu ko da inji, ba sai an tace ruwa ba. Walter Adey na cibiyar Smithsonian ya fito da irin na shimfiɗa tun shekarun 1980. In malaminki ya yarda, ki sa baho na biyar da yanki na tsumma mai kauri a rataye a ciki ki ga abin da zai kama.

Dakta Hauwa:
Ki ƙara da wannan a kan shawarar Malam Lawal. Kowane samfur ki raba shi biyu, ɗaya ki tace kafin awo, ɗaya ki auna shi yadda yake da koren a ciki. Naitirojin da fosforas na wanda aka tace za su faranta miki rai, amma na wanda ba a tace ba su ne abin da kogi zai karɓa. Ki rubuta duka biyun a teburi ɗaya, da lokacin da kika ɗiba da pH na wannan lokacin, ɗaya da asuba ɗaya da la'asar. Ki auna naitirojin ɗin da ke cikin abin da kika kwashe, ki haɗa da wanda ya rage a ruwa, ki cire daga wanda ya shigo. Gibin da ya rage yawancinsa shi ne wanda Injiniya ya ce ya tashi sama.

Injiniya Bashir:
Ki riƙa cika bahunan da ruwa mai tsabta zuwa alamar da kika sa kafin ki ɗebi samfur, in ba haka ba ƙafewa za ta ɓata miki lissafin duka.